Jar Riga a Ƙofar Maman Rufaro

Maman Rufaro ta daɗe rabonta da yin Kirsimeti a ƙauye, kuma duk wanda ke layinsu a unguwar Mkoba ya san dalili. Keken ɗinkinta ne. Baƙi ne, mai nauyi kamar ɗan maraƙi. Mijinta ya saya mata kafin ya rasu, da shi ta ciyar da 'ya'ya ta sa su a makaranta, da shi kuma take ɗinka wa matan zumunta jajayen rigunansu na coci. In Disamba ta yi, unguwar kan zama wayam, kowa ya ɗaure kaya ya nufi garin iyaye, ɓarayi kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Bara ma sun shiga gidan wani malamin makaranta a bayan layi, ko labule ba su bar masa ba.

Amma bana tsohuwarta ta aiko daga Mberengwa cewa idanunta sun fara dishi-dishi, tana so ta ga 'yarta tun tana iya gani. Irin wannan saƙo ba a ce masa sai baɗi. Da sassafe Maman Rufaro ta tsallaka titi, jaka a ka, ta ƙwanƙwasa ƙofar Shuvai.

Shuvai ce sahwirarta, wato ƙawar da aka ƙulla da ita har kabari. Ita kaɗai ke iya zaginta a gaban jama'a a yi dariya. Ran da ɗayarsu ta mutu kuwa, wadda ta rage ce za ta sa kayan mamaciyar ta fito wurin makoki, tana kwaikwayon tafiyarta da maganarta, har masu kuka su manta su dara. Ita Shuvai ba ta zuwa ko'ina da Kirsimeti. Iyayenta daga Malawi suka zo aikin ma'adinai, a nan suka haife ta, a nan aka binne su, ba ta da ƙauyen da ya wuce teburin tumatirinta.

"Ga makullai," in ji Maman Rufaro. "Wannan na ƙofar waje, wannan na falo, wannan na ɗakin ɗinki. Ki buɗe kunnen ƙashin nan naki ki ji ni."

"Ina jin ki, uwar matsorata."

"Kwaɗo ba ya hana ɓarawo. Abin da ke hana shi, ya ga da mutum a gida. Ki buɗe taga da safe, ki kunna rediyo, ki yi shanya, ki share tsakar gida. Kada kowa ya san na yi tafiya. Kowa fa na ce!"

"Har Maman Ngoni?"

"Ita ce ta farko."

Maman Ngoni ce maƙwabciyarta ta jikin katanga. Ba sa ga-maciji tun ranar da aka yi musu a kan reshen mangwaron Maman Rufaro da ya leƙa gidanta, ko 'ya'yansa na mai bishiya ne ko na mai share ganyen.

"In na samu sabis zan kira ki, sai na hau dutsen bayan makaranta," in ji Maman Rufaro. Ta gyara jakar, sannan ta ce a hankali, "In keken nan ya ɓace, sahwira, ki haƙa min kabari kawai."

"Kabarinki ai dama ni ce mai tsayawa a kai. Wuce kada mota ta bar ki."

Ranar farko Shuvai ta yi komai yadda aka ce. Tana cikin shara da la'asar sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a bakin ƙofa. Wani siririn mutum ya leƙo, ya ce tsoffin ƙarafa yake saye.

"Mama, mai gidan na nan?"

"Tana wanka."

"To, to," in ji shi. Da ita yake magana, amma idanunsa na kan tagogi, ɗaya bayan ɗaya. "Na ga dai ba ita ke shara ba yau."

Motar ta wuce, maganar ta zauna wa Shuvai a ƙirji. Mutumin da ya san wa ke shara a gidan nan, ba yau ya fara kallon gidan ba. Taga a buɗe da rediyo ba za su isa ba. Sai an ga Maman Rufaro da kanta. To, wa ya fi ta iya zama Maman Rufaro? Shekara nawa tana kwaikwayonta a bakin famfo mata na riƙe ciki?

Kafin gari ya waye aka yi ruwa mai ƙarfi. Da ta buɗe falo da safe ta tarar rufin ya yi yoyo, kujeru sun sha ruwa, daɓen ya yi kaca-kaca. Ta fara zuwa ta leƙa keken, yana nan a bushe ƙarƙashin mayafinsa. Sai ta ɗaura ɗankwalin Maman Rufaro, rawayan nan da ake hangowa tun daga kwana, ta sa rigarta ta aiki, ta rataya tef ɗin awo a wuya. Ta jawo kujerun ɗaya bayan ɗaya ta jera su a tsakar gida su sha rana, tana ɗingishi da ƙafar hagu kamar mai gidan, tana yi wa kaji faɗa da muryarta. Ta kwaso wankakkun kaya ta jiƙa su ta cika igiya, har da jar rigar zumunta. Rediyon kuwa tun bara abin murɗa shi ya karye, ya maƙale a tashar waƙoƙin coci. Ta ƙure shi, ta durƙusa a falo tana goge daɓe tana bin waƙar, tana jin daɗin dabararta.

Ba ta ga lokacin da iska ta fizge jar rigar daga igiya ba. Ba ta ga yadda ta kai ta kan tsinin ƙarfen ƙofar waje ba, hannu ɗaya ya nannaɗe kamar da gangan aka ɗaure.

A garin nan jan ƙyalle a ƙofa magana ɗaya yake yi. Kujeru a waje kuma, an fitar da su ne don masu makoki su samu wurin zama a ƙasa.

Baba Phiri ne ya fara gani, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana dawowa da burodi a hammata. Ya tsaya. Ya dubi jan ƙyallen, ya dubi kujerun, ya saurari waƙar. Ya cire hula.

Kururuwa ce ta ɗago Shuvai daga kan daɓe. Ta yar da tsumma ta fito da sauri, kuma saboda jiki ya riga ya saba tun safe, da ɗingishin ta fito, ga rawayan ɗankwali, ga tef a wuya.

Matan da ke bakin ƙofa suka gan ta, kukan ya ninka.

"Wayyo Allah! Sahwira har ta fara aikinta!"

"Ku dubi tafiyar! Kamar ita, wallahi kamar ita!"

Maman Ngoni tana zube a ƙasa cikin taɓon ruwan daren jiya, tana dukan ƙirji. "Maƙwabciyata! Ta tafi ba mu shirya ba! A kan mangwaro, jama'a, a kan mangwaro! Ku kawo gatari a sare shegiyar bishiyar nan!"

Sai a lokacin Shuvai ta ga rigar a kan ƙofa. Ta dubi kujerun, ta dubi jikinta. Dariya ta ƙwace mata, ta riƙe katanga.

"Ku tsaya! Ku tsaya, bayin Allah! Ba ta mutu ba!"

"Haka ne, 'yata," in ji Baba Phiri, yana gyaɗa kai. "Mutanen kirki ba sa mutuwa."

"Baba, da gaske nake! Lafiyarta ƙalau, ta ma fi ni lafiya!"

Mata suka yi dariya cikin hawaye. "Kai, Shuvai! Allah ya ba kowa sahwira irinki. Ko yau sai kin sa mun dara."

Wannan ita ce matsalar. Duk abin da sahwira ta faɗa a gidan makoki wasa ne, don haka aka ajiye ta. Shuvai ta buɗe baki za ta faɗi abin da ba mai musunsa, cewa matar tana Mberengwa, jiya ta hau mota, sai bayan sabuwar shekara za ta dawo. Kalmar na kan harshenta ta hango a-kori-kurar jiya a kwana, ta tsaya a gindin wani falwaya. Yau mutum uku ne a ciki, bayan motar kuma babu kaya.

Ta rufe baki. In ta yi shiru, ta bar ƙawarta a mace. In ta yi magana, ta yi shela da bakinta cewa gidan ba kowa har wata ya mutu. Gaba kura, baya sayaki. Ta rasa abin yi, sai ta ja gefen rigar aikin ta rufe fuska.

"Ku riƙe ta," wata ta ce. "Yanzu abin ya shige ta."

Daga nan abin ya fita hannunta. Ba wanda ya tambayi gawa, kowa ya ɗauka tana asibiti. Kafin rana ta take, an girka manyan tukwane a bayan gida. Wannan ta kawo garin masara, waccan kabeji, wata ta zo da mai a kwalba tana ba da haƙuri cewa shi ya rage. Maza suka jera benci har kan titi, suka hura wuta. Matan zumunta suka iso cikin jajayen rigunan da Maman Rufaro ta ɗinka musu, aka kashe rediyo, ganga da caki suka karɓa. Shuvai ba ta taɓa sanin mutane da yawa haka sun rage a unguwa ba. Ga gwauraye, ga tsofaffin da 'ya'yansu ke ci-rani a birnin Joni, ga masu gadin shaguna, ga irinta waɗanda ba su da ƙauyen zuwa.

Abu biyu kawai ta iya yi. Ta sulale ta kulle ɗakin ɗinki, ta ƙulle makullin a bakin zani. Da ta ga wata ta zaro waya za ta kira Rufaro, 'yar mai gidan da ke Bulawayo, kuwa, ta yi wuf ta dafe hannunta.

"Kul! Sanar da dangi aikina ne. Wanda ya riga ni, sai ya biya akuya."

A-kori-kurar ta gaji da jira, ta taho a hankali za ta wuce. Benci ya tare hanya. Kuma ba ɗan arzikin da ke wuce gidan makoki bai sauko ya ba da hannu ba. Baba Phiri ya miƙe ya buɗe wa direban ƙofa da kansa.

"Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Mun gode, mun gode. Ku shigo ta nan."

Haka siririn mutumin da abokansa suka bi layin maza suna miƙa hannu, sannan layin mata, kowa na kallon fuskarsu da kyau. "Ɗan gidan wa?" "Daga wace unguwa?" "Kun san marigayiyar ne?" Yana amsawa da ƙyar, gumi na tsattsafo masa. Shuvai ta zagaya ta bayan motar kamar mai neman abu. A ƙarƙashin wani buhu ta ga kan dogon ƙarfe, da wani ƙaton almakashi irin na datse kwaɗo. Ta dawo da ɗingishinta, ta kama hannun mutumin da hannu biyu, ta ƙi saki.

"Ɗana mai ƙarafa!" ta ce da muryar Maman Rufaro, har da ɗan tarin da take yi kafin faɗa. "Kai ne jiya kake tambayar wa ke shara? To ga masu shara nan, zaɓi wadda ta yi maka!"

Mata suka kwashe da dariya, ba su san abin da ke ciki ba. Shi ya sani.

"Allah ne ya kawo motar nan," in ji Baba Phiri. "Icce ya kusa ƙarewa. Ku je bakin kasuwa ku ɗebo mana, ku ce na gidan makoki ne."

"Yanzu kuwa, Baba," in ji mutumin. Aka janye benci. Motar ta bar layin da gudun da ba a yi zaton tana da shi ba. Har yau ana jiran iccen.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba waya ta yi ƙara a ƙirjin Shuvai. Ta duba, ta ga sunan. Ta haye kan kujerar da ke shan rana, ta ɗaga hannu, ta danna yadda kowa zai ji.

"Sahwira!" Muryar ta fito tar, da hakin wadda ta hau dutse. "Kekena na nan? Kin leƙa shi yau? Kin ba kaji ruwa? Kuma ki sa ido, kada matar nan ta jikin katanga ta tsinke min mangwaro!"

Ganga ta tsaya. Wata da ke tuƙa sadza, tuwon masararsu, ta saki muciya a tukunya. Ba ka jin komai sai ƙarar wuta.

"Sahwira? Kina ji na? Wace hayaniya ce na ji da farko?"

"Makokinki ake yi."

"Makokin wa?"

"Naki. Kin rasu da safe. Allah ya ji ƙanki, mutuniyar kirki ce ke, ban da rowa."

"Wane marar kunyar ne ya ce na mutu?"

"Rigarki."

Wata tsohuwa ce ta fara rangaɗa guɗa. Sai wuri ya kaure. Masu kuka ɗazu suka faɗa jikin juna, mai ganga ya sauya kiɗa, Baba Phiri ya zauna daɓas a benci yana dariya har hularsa ta faɗi cikin toka. Maman Ngoni kaɗai ke tsaye ƙiƙam, zani duk taɓo, tana nuna wayar da yatsa.

Da ƙyar Shuvai ta samu ta ba da labarin, guntu-guntu, mutane na ƙara mata gishiri ta ko'ina. Daga can ɗaya gefen muryar ta dawo, ba wasa a cikinta.

"Wato yanzu duk Mkoba ta san ba na gida. Abu ɗaya na roƙe ki. Sahwira, kin kashe ni."

"Sau biyu a rana ɗaya?" in ji Shuvai. Amma dariyar ba ta kai cikinta ba, don gaskiya matar ta faɗa. Kafin yamma labarin zai kai kasuwa, daga kasuwa kuma ya kai kunnen mai a-kori-kura.

Baba Phiri ya karkaɗe hularsa, ya miƙo hannu aka ba shi wayar. Ya riƙe ta nesa da baki, yana magana da ƙarfi kamar mai kiran jirgi.

"Maman Rufaro! Phiri ne. Sannu da dawowa duniya. Kin ce gidanki ba kowa? Sadza na kan wuta, kabeji ya nuna, ga ganga, ga kujeru. Mu nan ba mu da ƙauyen zuwa. Ki zauna da tsohuwarki ki ci akuya. Mun samu ƙauye."

Ko ta amsa, ba a ji ba. Sabis ya ɗauke.

Aka cire jar rigar daga ƙofa, aka ci abincin makoki ana rawa. Washegari wasu suka dawo wai ɗaukar tukwanensu, suka ga ai wuta ba ta mutu ba, suka ɗora shayi. Tsofaffi suka mai da inuwar mangwaro wurin dararsu. Mata suka kawo tsifar kai da yankan ganye. Ran Kirsimeti aka yi karo-karo, shinkafa da kaza, aka ci a tsakar gidan matar da ba ta nan. Ba wanda ya tsara wa zai zo yaushe, amma duk sa'ar da ka bi ta layin za ka ji murya a gidan. Maman Ngoni kuwa ta ɗora kujera a jikin katanga, duk baƙuwar fuskar da ta rage tafiya a bakin ƙofa sai ta ji daga sama, "Wa kake nema?"

Bayan sabuwar shekara Maman Rufaro ta sauka, da buhun gyaɗa a ka da kaza a hammata. Ba ta gaida kowa ba. Ta miƙa wa Shuvai hannu, aka kwance makulli daga bakin zani, ta wuce ɗakin ɗinki. Shuvai na bakin ƙofa tana kallo. Maman Rufaro ta yaye mayafin, ta shafa baƙin ƙarfen, ta taka shi sau ɗaya. Ya amsa mata da muryarsa ta kullum. Ta daɗe a tsaye, bayanta ga ƙofa.

"Tsohuwa ta gan ki?" in ji Shuvai.

"Ta gan ni. Ta ce na yi ƙiba." Ta share ido da gefen ɗankwali, ta juyo. "Ina sukarina?"

"Masu makoki sun sha."

"Ɓarayi ma da sun bar min rabi." Ta fito tsakar gida, ta zauna a kujerarta, ta gyara zama kamar alƙali. "To, zauna. Ki faɗa min tun daga farko, kada ki tsallake kowa. Wa ya yi kuka, wa ya yi na munafunci?"

"Wadda ta fi kowa ba za ki yarda ba. Har birgima a taɓo."

"Wa?"

Shuvai ta nuna katanga da leɓe. A daidai lokacin wani kwano ya ɓullo ta sama, cike da mangwaro nunannu, hannun Maman Ngoni na riƙe da shi.

"Na reshen da ke gefena ne," in ji murya daga bayan katanga. "Na ajiye wa marigayiya. Kuma zanin da na ɓata saboda ke, ke za ki ɗinka min wani."

Maman Rufaro ta dubi kwanon, ta dubi Shuvai. Ta miƙe da ɗingishinta ta karɓa da hannu biyu.

"Zagayo in auna ki, maƙwabciya," ta ce. "Sahwira, cire min tef ɗina daga wuyanki. Ban mutu ba tukuna."